Filasta a Hannun da Ba a Soka Ba

Assalamu alaikum, Ummi.

Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Bouaké lafiya, mota ba ta ba ku wahala a hanya ba, kin sami ɗaki mai iska da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya buɗe miki kai a karatun jinyar da kika je yi. Na sa takardar ƙarƙashin ƙullin yaji, don na san sai kin huta za ki kwance kayan abinci. Da Hausa na rubuta. Na san kin fi sauri da Faransanci, amma nawa Faransancin na aiki ne, na “kawo tire” da “riƙe yaro”. Abin da zan faɗa ba ya fitowa da shi. Ki bi a hankali, ko da za ki yi ta tuntuɓe.

Akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Babanki. Kin tuna lokacin da allurar korona ta zo, ranar da na dawo daga aiki da auduga da filasta a damtsena na hagu? Kika karɓi jakata tun daga bakin ƙofa, kika hana ni ɗaukar bokiti, kika ce wa ƙannenki duk wanda ya taɓa hannun Mama sai kin murɗe masa kunne. Ummi, ba a yi mini allura ran nan ba. Ni na manna wa kaina filastar. Har yau ban yi allurar ba.

Ba don ki ji tausayina na faɗa ba. Na faɗa ne don abin bai tsaya a hannuna ba. Ya bi ta tsakar gidan hayarmu, ya shiga ɗakin maƙwabciyarmu Hajiya Gambo, yau kuma yana kan jikarta Amira. Yarinyar da kike goyo kullum da yamma ta kai lokacin allurar ƙyanda, amma ko awo ba a taɓa kai ta ba. Kin sha tambayata me ya sa Hajiya ta kafe haka. Nakan ce halin tsofaffi ne. Ba halin tsofaffi ba ne.

Bari in faro daga nesa, don ki san irin matar da ta haife ki.

Ban cika shekara sha shida ba Gwaggo ta kai ni ƙaramin asibitin nan na Treichville da nake aiki har yanzu. Firamare kawai na gama, ita ma da ƙyar. Shara aka ɗauke ni, da wankin tire. Kunya gare ni irin wadda idan aka gaishe ni sai in tsaya ina kallon yatsun ƙafata. A gbaka, ƙaramar bas ɗin nan ta haya, idan yaron mota ya wuce da ni inda zan sauka, gara in dawo da ƙafa da in ɗaga murya.

Ranar awo matan ’yan kasuwarmu na Nijar sukan cika benci, wasu sabon zuwa ne, ba Faransanci ba Julanci. Madam Akissi, ungozomar asibitin, tana fama da su da hannu da ido, har ta ji ina amsa gaisuwar wata da Hausa. Ba ta iya faɗin Hajara ba, har gobe Ajara take ce mini. Ta ce, “Ajara, ajiye tsintsiyar nan, zo ki zama bakina.”

Sai ta yi bayani mai tsawo. Ta ce yaro zai iya yin zazzaɓi yau ko gobe, cinya za ta iya kumbura ta yi tauri, zai yi rigima. A ba shi nono sosai, kada a murza wurin, kada a shafa man zafi. Idan zafin ya ƙi sauka, ko ya ƙi nono, ko ya sandare, a dawo da shi ba jira. Ta gama ta dube ni. Matan nan duka suka dube ni. Na ce, “Ta ce allurar tana da kyau, ba ta yin komai.”

Madam ta riƙe ƙugu. “Duk surutun da na yi shi ke nan? Kai, Hausarku akwai tattali!”

Aka yi dariya, ni ma na yi. Haka na riƙa yi mako bayan mako. Rabi kunya ce, rabi kuma ina ganin idan na ambaci zazzaɓi matan za su ɗauki ’ya’yansu su gudu. Har ina jin kamar taimakon asibiti nake yi.

Wata rana wata amarya ’yar Madawa ta dawo da ɗanta a baya. Zazzaɓin da ya yi ya riga ya sauka, yana ta wasa da ɗankunnenta. Ita ce idonta ya kumbura. Ba ta yi faɗa ba. Ta ja ni gefe ta ce, “Ƙanwata, da kin gaya mini zai yi zafin jiki, da ban yi kukan da na yi ba. Na ɗauka guba aka ba shi.” Ta gyara goyonta ta fita. Ba ta sake kawo shi sauran alluran ba. Ban san abin da ya zama da yaron ba, kuma ban san sunansa ba balle in tambaya.

To Ummi, idan aka sa ki yi wa mutum bayani, ki faɗa masa duka, kuma ki fara da ɓangaren da ba shi da daɗi. Zazzaɓin da aka gaya wa uwa zai zo, idan ya zo sai ta ce, ai sun faɗa. Wanda aka ɓoye mata, idan ya zo, ba allurar kaɗai za ta tsana ba, har ke da farar rigarki. Kada ki yanke wa mutum hukunci cewa ba zai iya ɗaukar magana ba. Matar da ta baro garin Tawa ta zo ta riƙe gida a Adjamé, zazzaɓin kwana ɗaya ba zai gagare ta ba.

Daga ranar na gyara. Na koyi faɗin komai, har ina ƙarawa da nawa. A hankali aka ɗauke ni daga shara aka sa ni taimakon masu jinya, na riƙe yaran da ban san iyakarsu ba ana yi musu allura. A unguwa aka fara ce mini “likitarmu”, ina cewa ni ba likita ba ce, ba wanda ya saurare ni. Idan yaro ya yi tari, ƙofarmu ake bugawa kafin ta kowa. Na ɗauka na warke daga wancan hali. Ashe na wasu na iya faɗa, nawa ne ban iya ba.

Kin san ƙafar kawunki Sani. Ku yara an ce muku haka aka haife shi. Ba haka aka haife shi ba. Yana gudu kamar kowa har ya yi zazzaɓin sauro, aka kira wani mutum mai yawo da jaka a unguwa ya yi masa allura a ɗuwawu, ya taɓa jijiya. Ni na riƙe masa ƙafafu, don ni ce babba. Daga baya na gane cewa wannan ba rigakafi ba ce, kuma mutumin ba ma’aikacin lafiya ba ne. Kaina ya gane. Amma duk lokacin da allura ta nufo jikina, ba kaina ke amsawa ba, ’yar yarinyar nan ce mai riƙe da ƙafar ƙaninta. Lokacin cikinku na daure na yi wadda ake yi wa masu ciki, don ba ni kaɗai ba ce a jikin. Wadda ta zama tawa ni kaɗai kuwa, kullum ina da uzuri.

Da aka ce ma’aikatan lafiya ne za a fara yi wa ta korona, kada ki zaci murna muka yi. A gaban marasa lafiya kowa fuskarsa ɗaya. A ɗakin canza kaya kuwa, kowa da wayarsa, kowa da saƙon murya da wani ya turo masa. Ga kuma labarin da ya zo a rediyo cewa a Turai jinin wasu ya daskare bayan sun yi. Kone, wani nas ɗinmu mai baki, ya ce, “Tunda mu ne zakarun gwaji, a fara da manya. Ni mai ladabi ne, ina bayanku, ina riƙe muku jaka.” Wata ta ce ita ba ta gama haihuwa ba. Wata ta ce yayarta da ke Turai ta yi, al’adarta ta rikice. Muna dariya, amma ba dariyar daɗi ba ce.

Madam Akissi ce kawai ta faɗi nata a fili. Ta ce, “Ni dai ina jin tsoro. Ina da hawan jini, ina da jikoki. Sai na zauna da likita tukuna.” Ta je ta zauna da shi, ta dawo ta gaya mana abin da ya ce: maganar daskarewar jinin gaskiya ce amma da wuya ƙwarai take faruwa, ga alamominta, ga abin da za a yi idan an gani, kuma ga mai irin ciwonta cutar ta fi allurar haɗari nesa ba kusa ba. Ta dube ni ta ce, “Ajara, ke fa? Ba ki ce komai ba.”

Na ce, “Ni ba matsala, Madam.”

A nan na yi ɓatan kai. Ƙofar a buɗe take, matar da ta san ni tun ina riƙe tsintsiya ce ta tambaye ni. Amma na ga kamar idan na ce ina tsoro, za a ce ai dama mai shara ce, ba ta yi karatu ba. Wadda ta yi karatun ta faɗi tsoronta ba ta ragu da komai ba. Ni da nake gudun raini na haɗiye nawa.

Ki ji ni da kyau. Za ki ji tsoro a aikin nan, ko na allura, ko na jini, ko na wata cuta da ba a gama saninta ba. Farar riga ba ta hana wannan. Idan ya zo, ki nemi babba ki ce, ina tsoro, ga dalilina. Ki yi tambaya har ki ƙoshi, ko za a ce kin cika naci. Tsoron da aka faɗa ana iya zama a duba shi, a ga inda yake da gaskiya da inda ba shi da ita. Nawa da na ɓoye, ba wanda ya samu ya duba mini, sai ya yi ta girma.

Ranar da masu allurar suka zo asibitinmu, ni aka sa yankan filasta da miƙa auduga. Baƙi ne, ba su san fuskokinmu ba, ga layi har waje. Kone ma ya zauna, yana salati irin na wasa. Duk wanda ya tashi daga kujera in manna masa. Ina cewa a raina, bayan wannan sai ni, bayan wannan sai ni. Da na ga sun fara haɗa kaya, sai na shiga bayan labule da guntun filasta a yatsana. Ban shirya ba, wallahi. Na fito kawai na ji Madam tana cewa, “Yawwa Ajara, ke ko uffan ba ki ce ba!” Ba wanda ya sake tambayata.

Washegari Madam ba ta zo aiki ba, kwana na biyu ma haka. Da ta dawo, sai ta tsaya gaban bencin awo ta ce in fassara. Ta ce, “Ku gaya wa mazanku allurar nan ta kayar da Akissi. Na yi rawar sanyi har gado yana tafiya da ni, mijina ya ɗauka motar ƙasa ce. Yau ga ni, na cinye acheke kwano guda.” Matan suka yi ta dariya, suna ce mata yako, wato sannu. Da yawansu sun je sun yi a makon. Ni na fassara wannan da bakina, da filastar ƙarya a ƙarƙashin rigata.

A gida kuwa abin ya ɗauki wata hanya. Kin san tsakar gidanmu, famfo ɗaya, idanu da yawa. Da safe matan suka same ni ina wanki da hannun nan, suka ce, “Likitarmu, ya hannun?” Me zan ce? Ban san yadda ake ji ba. Na ce, “Ban ji komai ba.” Hajiya Gambo tana zaune bakin ƙofarta tana lissafin turamen da za ta fita da su kasuwa. Ta ce, “Ko ɗan zafi?” Na ce ko ɗan zafi. Ta ce, “To tunda ke da kike kamar tsinke ba ki ji ba, ni da jikina zan je.” Tana da ciwon suga, ta fi kowa a gidan buƙatarta. Na ji daɗi ma, na ce ko ba komai ƙaryar ta yi amfani.

Ta je ta yi. Kashegari da la’asar surukarta Zulai ta zo da gudu ta kira ni. Na tarar da Hajiya cikin bargo, a zafin Abidjan, haƙoranta suna haɗuwa. Ta riga ta sa an kira ɗanta daga tashar jirgin ruwa, tana gaya masa inda za a kai kayanta idan ta mutu. Na taɓa goshinta, na duba numfashinta, na san irin na Madam ne, zai wuce. Na ba ta maganin zazzaɓi. Ta kama wuyan hannuna ta ce, “Hajara, tsakaninki da Allah, ke ma haka kika ji?”

Ɗakin cike yake da matan da suka ji abin da na faɗa a famfo. Na ce, “Hajiya, kowa da irin jikinsa.”

Ta saki hannuna. Ta ce, “Kowa da jikinsa, ko kowa da kwalbarsa? Na gane. Ku na ciki ana ba ku mai kyau, mu na kan benci a ba mu ragowa.”

Da na buɗe baki a lokacin na ce, Hajiya ban yi ba ne, da ta zage ni tas, gida ya yi dariyata na wata guda, magana ta mutu. Na zaɓi mutuncina. Ta warke kafin mako ya zagayo, amma maganar kwalba biyu ta riga ta fita kasuwa. Kin san rumfar Hajiya a layin ’yan atamfa, nan matanmu ke zama su huta. Ba ta faɗa da mugunta ba. Abin da ta gani ta faɗa: ga wadda ta yi ba ta ji komai ba, ga ni na kusa tafiya. Wa zai ce ta yi ƙarya? Shaidarta ni ce.

Daga ta korona maganar ta tsallaka kan ta yara. Hajiya ta ce jikanta ba mai sake soka masa allura. A lokacin Abdul, wan Amira, yana jariri. Kin tuna shekarar da ƙyanda ta kama shi, idanunsa suka rufe, muka yi ta zirga-zirga da shi a tasi tsakanin Adjamé da Treichville. Ya tashi, alhamdu lillahi. Amma kin lura sai an tsaya ta damansa yake jin kira. Duk safiya ina ganinsa yana juya kai yana neman inda murya ta fito, sannan in ɗauki jakata in tafi aiki.

Ummi, daga ranar da kika sa rigar nan, jikinki ma magana yake yi. Mutane ba takardun bango suke karantawa ba, ke suke kallo. Idan kin yi allura ta kayar da ke, ki bari a gan ki a kwance, a kuma gan ki kin tashi. Idan ba ki yi ba, ki ce ban yi ba tukuna, ga abin da ya tsayar da ni. Kada ki taɓa cewa “ban ji komai ba” don ki ƙarfafa wa wani guiwa. Na faɗi wannan kalma ina yarinya a kan ’ya’yan mutane, na sake faɗinta da furfura ta fara fito mini a kan kaina, duka biyun ɓarna ta yi.

Wani abin kuma, wanda na fi jin kunyarsa. Bayan rashin lafiyar Abdul sai na zama mai faɗa a wurin aiki. Ni da ba a jin muryata, na koma ina daka wa mata tsawa idan sun tsallake ranar allura. “Ke wace irin uwa ce? So kike ya mutu?” Har Madam ta kira ni gefe ta ce, “Ajara, wa ya taka ki? Matar nan daga Abobo ta zo, mota biyu ta shiga.” Ba da su nake faɗa ba. Na san da wa nake yi.

Na kawo wannan ne don na ga alamarsa a wurinki, ko da yake naki daga wani wuri ya fito. Ke kaifin kai gare ki, da saurin baki irin na dangin Babanki. Ranar da kika ce wa Zulai gawu, wato baƙauya, don ba ta kai Amira awo ba, kina shiga ɗaki ta zauna bayan murhu tana share ido da bakin zane. Zulai ba baƙauya ba ce. Tana so ta kai yarinyar. A ɗakin uwar mijinta take zaune, abincin uwar mijinta take ci, kuma uwar mijin tana da hujjar da ta gani da idonta. Idan mutum ya ƙi allura, kafin ki buɗe littafinki ki tambaye shi me ya gani, wa ya gaya masa, wa zai yi fushi idan ya yi. Kusan kullum akwai wani abu da ya faru da gaske a ƙarƙashin maganar, ko da an fahimce shi a karkace. Haka abokan aikinki. Idan kin ga wata tana ta kai da kawo ranar allurar ma’aikata, kullum hannunta da aiki, kada ki tona ta a gaban mutane. Ki same ta ita kaɗai ki ce, zo mu je tare, ni zan fara.

Kada kuma ki zama mai musun abin da ya faru. Akwai waɗanda allura ke yi wa illa ta gaske, ba su da yawa amma akwai su. Na ga wata ’yar koyon aiki leɓenta ya kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, ba a daɗe da yi mata ba. Abin da ya cece ta, bayan Allah, tana zaune a bencin jira, maganin kuma yana kusa. Don haka idan an ce mutum ya zauna ya ɗan jira bayan allura, kada ki sallame shi don layi ya ragu, ko yana cewa rumfarsa ba kowa. Idan wani ya dawo da kuka, ki duba shi, ki kai maganar sama, kada ki ce masa tunaninsa ne.

Na ji kin ce kafin a tura ku asibiti koyon aiki sai an yi muku ta ciwon hanta. Ki yi ta, duka zagayen, kada ki tsaya a na farko. Mu masu kwashe tire mun fi kowa sanin dalili. Bara allurar da aka yi amfani da ita ta soke ni a yatsa ina zuba shara. Aka ɗebi jinina, na yi ta jiran sakamako ina kallonku kuna cin abinci. Allah Ya rufa asiri, ba a ga komai ba. Madam ta ce, “Ai kin yi ta hanta, ko?” Na gyaɗa kai. Ta hantar ma ban yi ba. Idan kin yi taki hannun ya yi nauyi ko jiki ya yi zafi, ki kira ni ki gaya mini yadda yake, dalla-dalla. Ina so in ji.

Sauran kin san su. Ki riƙe sallarki ko aiki ya hana ki yin ta a kan lokaci. Ki ci abinci kafin ki shiga ɗakin marasa lafiya. Ki gaida masu shara da sunansu. Kada ki yar da Hausarki, wata rana wata za ta shigo da goyo ba ta jin kowa sai ke.

Ban san yadda za ki dube ni ba idan kin dawo hutu. Kin taɓa gaya wa malamarku cewa saboda Mamanki kika zaɓi aikin nan, don ba ta tsoron komai. Na ji daɗi ran nan, na kuma kasa cin tuwo. Idan kin yi fushi, ki yi, kina da gaskiya. Aikin dai mai kyau ne, ko da wadda ta nuna miki shi ta gaza a cikinsa.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Ya kare ki daga cutar da za ki yi jinya, da sharrin hanya, da mugun aboki. Ya sa hannunki ya zama mai sauƙi a jikin bayinSa, Ya ba ki harshen da ba ya rage magana. Ya dawo mana da ke lafiya. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki, ko da yake ba su san na rubuta ba.

Jiya na ce wa Madam ta ajiye mini ta hanta ranar awo mai zuwa. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai ta rufe, ta ce to. Gobe idan motarku ta tashi daga tasha, ba gida zan koma ba. Layin ’yan atamfa zan shiga, lokacin da rumfar Hajiya ta fi cika, don a can maganar take zaune. Zan gaya mata a gaban matan cewa kwalba ɗaya ce, ni ce ban zauna a kujerar ba. Abin da za ta ce mini, na san ba zai yi daɗi ba, zan tsaya har ta gama. Sannan in roƙe ta ta biyo ni asibiti da Zulai da Amira, ta buɗe firijin ajiye allurai da hannunta, ta ga abin da ke ciki, ta tsaya a kaina a soke ni tana kallo. Ko za ta ba da yarinyar, ban sani ba. Ko ta zo ko ba ta zo ba, ni dai zan zauna.

Mamanki,
Hajara